Yatsun Hajiya Mansuratu

In ka shiga unguwar Aboabo a Tamale yau, ka wuce layin masu gyaran babur, za ka ga wata tsohuwar dalbejiya a gaban shagon da ake sayar da katin waya. Babu allo a jikinta, babu rubutu. Masu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ne ke fakewa a inuwarta suna jiran fasinja, kuma in ka tambaye su Ƙungiyar Babban Yatsa, sai su ce maka ko ta 'yan ƙwallo ce. Allah ya shirya! A gindin wannan bishiya aka koya wa uwayensu da kakanninsu yadda ake jefa ƙuri'a ba ta lalace ba, amma wa zai tsaya gaya musu?

Shagon nan da na Malam Abdul-Mutalib tela ne, kuma shi ya kafa ƙungiyar. Shekarar casa'in da biyu, da aka koma mulkin zaɓe, ya tsaya kallon ƙirga a rumfar unguwa, ya ga ana ta ware wasu takardu gefe guda kamar ƙyallayen da ke zubewa ƙarƙashin kekensa. Ya tambaya, aka ce lalatattu ne, ba za a ƙirga su ba. Wata baiwar Allah ta dangwala wa mutum biyu, don dukansu sun zo mata ta'aziyya, kunya ba za ta bar ta ta zaɓi ɗaya ba. Wani ya rubuta bisimilla a saman takardar don neman albarka. Mafi yawa kuwa sun dangwala daidai, sai wajen ninkewa ɗanyar tawadar ta shafi wani ɗan takara. Mutane sun wuni a rana, sun koma gida suna murna, alhali ƙuri'arsu ta tafi a banza. Malam ya ce wallahi ba da shi ba.

Wadda ta fara amsa kiransa ita ce Mansuratu mai sabulu, lokacin ba ta je Makka ba tukuna. Doguwar mace ce mai murya, irin wadda in tana ciniki a wannan bakin kasuwa ana jin ta a wancan. Kowa ya san dalilinta, ko da yake ba ta cika faɗa ba. Tana yarinya aka ce baƙi su bar ƙasar, aka ɗora mahaifinta a babbar mota da buhun kayansa. Mutumin da aka haifa a nan Tamale, aka haifi nasa uban a Salaga, amma ba shi da takardar da za ta ce shi ɗan nan ne. Ita aka bar ta wajen dangin uwa. Bai dawo ba, can wajen Sakkwato ya rasu cikin mutanen da bai sani ba. Shi ya sa ranar da aka fara shafa mata tawadar zaɓe a ƙaramin yatsan hagu, Mansuratu ta yi kwanaki tana wanke hannu a hankali don kada ta goge. A wurinta wannan ɗan baƙin tabo shi ne takardar da babanta ya rasa.

Aikin ƙungiyar ba shi da wasu kayan alatu. Takardar buhun siminti ake yankawa, Malam ya zana kaza da tukunya da tsintsiya a madadin 'yan takara, don kada a ce wata jam'iyya suke yi wa aiki. A jiƙa shuni a murfin kwalba, ya zama tawada. Sai a bi gidajen suna da na biki, a tare maza a ƙofar masallaci bayan la'asar, a ratsa kasuwa rumfa-rumfa, da Hausa da Dagbani, duk wanda ya zo baki. Mata na Mansuratu ne, kuma ba ta yi musu da wasa. "Ɗaya tak za ki dangwala wa! Ki goge yatsa, sannan ki ninke ta a tsaye." Wadda ta kuskura ta dangwala wa kaza da tukunya tare kuwa ta shiga uku. "Kaza a tukunya sai ranar Sallah, ba ranar zaɓe ba! Sake!" Ana dariya, ana jin tsoronta, ana kuma koya.

Ɗan ƙungiya ba ya sa rigar jam'iyya, ba ya karɓar shinkafar ɗan takara. Ranar zaɓe kuma ba ya jefa tasa sai kowa ya gama, don Malam ya ce mai rabon tuwo ba ya cika kwanonsa baƙi na kallo. Da yamma, in an rufe rumfa, sai a hallara gindin dalbejiya, a sauke babban kwano na tuwon zafi da miyar ayoyo. Kafin ka zauna sai ka ɗaga hannun hagu kowa ya ga tawada. Wanda ba shi da ita ba ya zama, kuma daga ranar ya bar ƙungiya, don wanda bai jefa ƙuri'a ba ba shi da bakin koya wa wani.

Sau ɗaya wannan doka ta ci mutum. Dramani direba ne, yana kai doya Kumasi, kuma babu wanda ya kai shi ƙwazo a ƙungiyar. Wani zaɓe motarsa ta mutu a hanyar dawowa, kusa da Yapei. Ya bar ta a nan, ya hau wannan, ya sauka ya hau waccan, ya iso an riga an fasa akwati ana ƙirga. Ya zo gindin bishiya da baƙin mai a riga, yatsa fari tas. Malam ya soma cewa ai wannan lalura ce, sai Mansuratu ta tari numfashinsa.

"Malam, in muka buɗe wa uzuri ƙofa, gobe kowa da nasa. Tawada ba ta san uzuri ba."

Dramani ya juya. Ya tsallaka titi, ya zauna a bencin mai shayi, yana kallonsu suna ci. Daga nan kuwa duk yammacin zaɓe a wannan benci yake zama, da tawadarsa a yatsa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya tsallako.

Shekaru suka ja. Malam ya rasu, jagoranci ya faɗo kan Mansuratu, wadda yanzu ake kira Hajiya. Samari suka gano cewa jam'iyyu na raba babura, su kuwa 'yan Babban Yatsa ko ruwan leda ba sa rabawa, sai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Wasu ƙungiyoyi suka zo daga Ankara, babban birnin ƙasar nan, da lasifika da riguna masu rubutu, suka yi hoto, suka tafi. Waɗanda suka rage wa Hajiya ba su cika tabarma ɗaya ba, tsofaffi ne da zawarawa, sai Azeta mai koko, wadda ta zame mata kamar ƙanwa. Amma ko su kaɗai ne, ba a taɓa fasa bin gidaje ba, ba a kuma taɓa fasa kwanon tuwo ba.

Sai ga zaɓen dubu biyu da goma sha biyu, wanda ya zo da na'ura. Aka ce yanzu kati kaɗai bai isa ba, sai ka ɗora yatsa a kan wani ɗan gilashi, na'ura ta duba zanensa. In ta san ka, ka jefa. In ba ta san ka ba, ka koma gida.

Tun wajen rajista Hajiya ta ga alama. Mai haɗa sabulu da soda shekara da shekaru ina ta ga zanen yatsa? Yaron da ke ɗaukar rajista ya danna wannan, ya danna wancan, da ƙyar da jiɓin goshi na'urar ta kama 'yan kaɗan. Hajiya ta koma gida ta san ranar zaɓe akwai matsala. Saboda haka tun da aka yi Babbar Sallah ta rufe tukunyar sabulu, ta daina taɓa soda. Wanki da wanke-wanke ta bar wa Azeta. Safe da yamma tana shafa man kaɗe, in za ta kwanta ta zura hannuwa cikin safa. 'Yan kasuwa suka samu abin tsokana: "Hajiya, ko amarya za a yi ne ba mu ji ba?" Ita kuwa sai ta ɗaga yatsun ga hasken rana, ta ga zanen yana dawowa siriri-siriri, ta ji sanyi a ranta.

Ta bi unguwa da sabon karatu. Ban da lalle a kan yatsu sai bayan zaɓe. A yanke farce. Kuma kowa ya sani, doka ce: "In na'ura ba ta san ki ba, ko ke kika haifi shugaban rumfa, babu ƙuri'a!" Ta faɗi wannan a Aboabo, ta faɗa a Kaladan, ta faɗa har yara suka mayar da shi waƙa.

Ranar zaɓe ta faɗo Juma'a. Rumfarsu a farfajiyar wata makarantar firamare take, shugaban rumfar kuwa Razak ne, malamin makaranta, wanda Hajiya ta koya wa dangwale da kaza da tsintsiya tun gemu bai fito masa ba. Da ya gan ta sai da ya rusuna. "Mma, ina kwana? Zo ki fara, manya ne a gaba." Ta harare shi. "Yau ka san ni? Mu sai ƙarshe."

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka fara kuka da na'ura. Samari da 'yan mata tana karɓarsu nan take, ta nuna koriyar wuta. Tsofaffi kuwa, masu fasa ƙwarar kaɗanya da masu ƙuli-ƙuli da masu banda kifi, sai ja, sai ja. Mma Zalia mai gawayi, tsohuwar da ke tafe da sanda, ta gwada yatsunta duka, sannan ta juyo tana share ido da bakin mayafi. Hajiya ta tare ta, ta ce ina zuwa?

"Gida, Hajiya. Wai abin ya ce ba ni nan."

Kai! Da ma mari tsohuwar ta ɗauke ta da shi, da ya fi mata sauƙi. Ba ni nan! Abin da aka gaya wa babanta ke nan a bakin babbar mota. Ta riƙe hannun Mma Zalia, ta ce babu inda za ta. Wani ya ce ya ji a wata rumfa ana wanke hannu da omo da lemon tsami, wai yana fito da zanen. Kafin ya rufe baki Hajiya ta tura Azeta ta ɗauko baho da soso.

Azeta ta durƙusa ta fara wanke hannun tsohuwar a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Hajiya ta tsaya a kanta tana cije leɓe, hannuwanta naɗe cikin mayafi. Aka kai Mma Zalia, na'ura ta sake nuna ja.

"Gawayin shekara arba'in kike shafawa haka? Matsa!"

"Yaya, hannunki fa," in ji Azeta. "In kin ƙi bari in yi, to je ki jefa taki tukun. Razak ma ya ce ki zo."

"Malam yana kabari in fara karya masa doka? Mutum ɗaya ce, me zai same ni?"

Ta tsoma hannu. Ta dirje yatsun Mma Zalia ɗaya-ɗaya, ta matsa lemo, ta goge da zani. Tsohuwa ta ɗora yatsa, sai ga kore. Guɗa ta tashi a layi har 'yan sanda suka leƙo. Mma Zalia ta fito da tawada a yatsa tana taka rawa da sandarta.

To, shi ke nan fa. Wa ya ga an samu magani ya zauna? Layi ya koma biyu, ɗaya na na'ura, ɗaya na bahon Hajiya. Labari ya kai rumfunan maƙwabta, tsofaffi suka riƙa zuwa a bayan babur, a wanke su, a mayar da su. Kowace ta zo sai ta ce ita dai Hajiya take so, hannun Hajiya ne mai albarka. Azeta na canza ruwa, ana ƙaro omo, ɓawon lemo ya taru tsibi. Ba duka na'urar ta karɓa ba, amma ta karɓi da yawa, kuma duk wadda ta karɓa sai ta dawo ta nuna wa Hajiya yatsa. Hajiya ta manta da safa, ta manta da man kaɗe. Rabonta da irin wannan farin ciki tun Malam na da rai.

Da aka kira sallar Juma'a maza suka watse, layin na'ura ya zama babu kowa. Razak ya taso da kansa. "Mma, don Allah zo yanzu. Minti ɗaya ne." Ta dube shi, ta dubi tsofaffin da ke zaune a ƙasa suna jiran baho. Wallahi ta so ta tashi, don ta fara jin yatsunta na zugi. Amma ta ce, "Ka ga baƙi a gabana. Je ka, ina nan tafe."

Sai da rana ta yi sanyi bahon ya samu hutu. 'Yan ƙungiya suka shiga layi, suka jefa ɗaya bayan ɗaya, Azeta ta jefa. Hajiya ta miƙe da ƙyar, bayanta ya riƙe, ta goge hannu, ta tsaya a ƙarshen layi kamar yadda ta saba. Sai a lokacin ta dubi yatsunta da kyau. Sun yi fari fat, sun yamutse kamar rogon da ya kwana a ruwa, fatar kan wasu ma ta fara saɓulewa. Zanen da ta yi ta reno tun Babbar Sallah babu shi, babu alamarsa.

Ta miƙa kati. Sunanta ya fito, hotonta ya fito, ga ta nan da ɗan kwalinta. Ta ɗora babban yatsa. Ja. Ta ɗora manuni. Ja. Yarinyar da ke riƙe da na'urar ta bi yatsun dama duka, ta koma na hagu, ta ƙi ɗaga kai, don ita ma ta san wace ce a gabanta.

"Su bushe tukun," in ji Razak. "Ruwa ne kawai, Mma. Zauna, akwai lokaci."

Aka ba ta kujerar 'yan makaranta, ta zauna ta shanya hannuwa a ranar da ta rage. Kowa ya zama likita. Wannan ta ce a goga a goshi, waccan ta ce a shafa alli, wani ya ce a murza a gashin kai. Duk ta yi. Ta tashi ta gwada, ja. Sai ga Dramani ya turo babur ɗinsa har gabanta, don ya daɗe da barin tuƙin mota, kuma tun rana yana tsaye daga nesa yana kallo. Bai gaishe ta ba, ita ma ba ta gaishe shi ba. Ya tada injin ya bar shi ya yi ɗumi, sannan ya kashe.

"Ɗora a nan, Hajiya. Zafi zai janye ruwan."

Ta ɗora. Ta jure har sai da ƙwalla ta taru mata. Yatsun suka bushe, amma suka bushe sumul, suna sheƙi, babu ko layi ɗaya. Ta koma ga na'ura. Ja.

Ƙarfe biyar ta yi. Razak ya ce wanda ke kan layi ba a rufe masa, don haka ya bar akwatin, mutane kuwa sun fara taruwa don kallon ƙirga. Wakilan jam'iyyun nan biyu, waɗanda tun safe suke hararar juna, suka matso tare. Ɗaya ya ce shi dai bai ga komai ba, a ba Hajiya takarda. Ɗayan ya ce shi ma haka, duk Aboabo wa bai san Hajiya Mansuratu ba? Jama'a suka ɗauka: "A ba ta! A ba ta!"

Abin da ba a taɓa gani ba sai ga shi. Hajiya Mansuratu, wadda ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba, ta matso kusa da tebur, ta sassauta murya.

"Razak, ɗana. Dube ni. Ga hotona a hannunka. Ni ce ko ba ni ba ce?"

"Ke ce, Mma."

"To, ba ni takardata. Don girman Allah. Ban taɓa fashi ba, ka sani. Kada ka bar ni in koma da hannu fari."

Razak ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Mma, da raina kika ce in ba ki, da ya fi mini sauƙi. Na'urar nan tana ƙirga duk wanda ta karɓa. In takardun cikin akwati suka fi nata lissafi ko da ɗaya ne, gobe wanda ya faɗi zai kai ƙara, ana iya zubar da akwatin gaba ɗaya. Ta Mma Zalia na ciki. Duk waɗanda kika wanke yau nasu na ciki." Sannan ya ƙara a hankali, "Ke kika koya mana, Mma."

Hajiya ta dubi akwatin. Da akwai wanda za ta zaga, da ta zage shi ta huce. Razak bai yi laifi ba, yarinyar ba ta yi ba, na'ura kuwa ba ta da kunnen jin zagi. Ta juya ta ga Mma Zalia can cikin jama'a, dogare da sanda, ita ma tana ihun a ba ta. Hajiya ta kau da kai. Ta ce a sake gwadawa sau ɗaya. Ta yi bisimilla, ta ɗora babban yatsan dama, wanda ya dangwala wa kaza da tsintsiya a gaban matan unguwar nan kaf, ta danna da duk ƙarfinta. Wutar ta nuna ja.

Ta karɓi katinta, ta ƙulle a bakin zani, ta koma gefe. Aka zazzage akwati a kan tebur. Da aka gama warewa, Razak ya ɗaga lalatattun ƙuri'u sama don kowa ya gani, ba su fi a riƙe da yatsu biyu ba. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa samun kaɗan haka ba. Jama'a suka yi tafi, wasu suka juyo suna neman Hajiya da ido, ita kuwa ta riga ta fita ta ƙofar baya.

Azeta ta cim mata a lungu, ɗauke da baho a ka. Ta sauke shi, ta zaro ɗan ƙullin shuni daga lalitarta.

"Yaya, kawo yatsan. In na haɗa da toka zai yi baƙi, magariba ta kusa, ba wanda zai duba. Ko an duba ma, wa zai yi magana? Kowa ya ga abin da ya faru."

Hajiya ta dubi ƙullin. Ta daɗe tana dubansa, kuma ba zan ɓoye muku ba, har ta fara miƙa hannun. Sai ta janye.

"Dramani ma kowa ya ga baƙin mai a rigarsa," in ji ta.

Suka iso gindin dalbejiya. An shimfiɗa tabarma, an sauke kwano, tururi na tashi. 'Yan ƙungiya na tsaye, kuma da suka hango ta sai kowa ya mayar da hannun hagu baya, kamar yaran da aka kama da satar nama. Wani tsoho ya ce, "Hajiya, bisimilla, yau babu ɗaga hannu." Ta tsaya a bakin tabarma, ta ɗaga hannun hagu sama yadda aka saba, ta juya shi gaba da baya don kowa ya gani. Sannan ta sauke, ta gyara mayafi, ta tsallaka titi.

Dramani na zaune a bencin mai shayi. Da ya ga ta nufo shi sai ya ɗauke hularsa daga kan bencin, ya matsa gefe. Ta zauna.

"Daga nan ana ganin kowa," in ji shi.

Ta duba, ta ga gaskiya ne. Ga Azeta tsaye da ludayi, ga sauran kewaye da kwano, ba wanda ya zauna, don shekara da shekaru Hajiya ce ke yanka tuwon, ba su san yadda ake farawa ba tare da ita ba. Suna kallonta, tana kallonsu, babura na wucewa a tsakani. Tururin kwanon ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Da aka kira magariba Azeta ta rufe shi da faifai, maza suka nufi masallaci. Wannan shi ne kwano na ƙarshe da aka sauke a gindin bishiyar nan.

Mai shayi ya miƙo wa Hajiya kofi, ya ce sadaka ne. Ta kai hannu, yatsun suka kasa riƙewa saboda zugi. Dramani ya karɓa, ya riƙe mata har ya huce.